Layi Ya Zo Gidanmu

Inishcorra, 3 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Nuala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni da sauƙi, ƙirjin ne kawai, sai gwiwa.

Bana layin sujadar unguwa, wadda coci ke zagayawa da ita gida-gida, ya zo gidanmu. Rabonmu da ita tun mahaifiyarki na raye. Jiya sabon limamin cocinmu, Fada Tiernan, ya zo. Ya dubi bango, ya dube ni, ya ce a kai ta gidan Bartley Mulkerrin a bakin titi, wai a hutar da ni. Wai hanyarmu sai teku ta janye ake bi, kuma ba mai shafa mini farar ƙasa a bango kamar yadda aka saba kafin sujada. Na ce masa zamanin da aka hana kakanninmu coci, a ɗakin nan ake ɓuya a yi, teku ba ta hana su ba.

Gidan da aka tsallake sau ɗaya an cire shi daga cikin masu rai, Nuala. Daga nan sai gidan tsofaffin da kike ta yi mini zancensa.

Na sayo farar ƙasa.

Mahaifinki,
Festy Conneely

Inishcorra, 21 ga Oktoba

Nuala 'yata,

Ina gaishe ku, da fatan tarin ƙaramin jikana ya lafa.

Na shafe bangon iya inda hannuna ya kai, wato kafaɗa. Bartley ya biyo rairayi da tarakta, ya tsaya yana kallo, ya ce, "Tsoho, ambaliyar madara aka yi?" Na ce in ya gama haushi, ga tsani can. Washegari ya dawo da 'ya'yansa, suka ƙarasa shafen. Matarsa ta gasa burodi.

An yi sujadar a teburin mahaifiyarki, da farin zanenta. Ɗaki ya cika har ƙofa. Muna shan shayi teku ta fara dawowa. Kowa ya gani ta taga, ba wanda ya motsa, ba kuma wanda ya gaya wa Fada. Sai yamma hanya ta buɗe. Wuni guda gidan nan yana da hayaniya.

Da zai tafi, Fada ya ce sunan gidanmu na nan a layi. Nan da shekaru layin zai sake zagayowa.

Ki daina turo mini hoton gidan tsofaffin nan. Farar ƙasa ta ragu rabin buhu, na ɗaure bakinsa na adana.

Ki gaishe da yara.

Mahaifinki,
Festy Conneely