Ranar da Kyaftin Zamfir Ya Ci Sadakar Mutuwarsa

Braila, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Tudora,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Torino, yaya tsohuwar da kike jinya? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Yaya, ina cikin wani hali. Shugabar makarantarmu, Uwargida Postolache, ta ce za ta karɓe ɗakin ƙungiyar tarihi ta zuba katifun motsa jiki a ciki. Wai shekara bakwai ina tara yara ran Alhamis muna shaƙar ƙurar tsofaffin hotuna, amma ko mutum ɗaya a gari bai san da mu ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata mu yi abin da za a gani, in ba haka ba in kawo makulli.

Kin san manyan mutanen Braila, marubuta da mawaƙa da likitoci, kowa ya samu titinsa da mutum-mutuminsa, har yarana suna hamma in na ambace su. Sai na ce mu nemo wanda aka manta. Kin tuna Kyaftin Zamfir Corcodel, mai jirgin fito, wanda Baba yake ba mu labarinsa? Wanda a ambaliyar 1970 ya kwana uku yana kwaso mutanen tsibiri? To shi muka zaɓa.

Na je maƙabarta da kaina, na samu dutsensa. Ga hotonsa da hular kyaftin kusa da na matarsa Anica, an rubuta 1938, sannan 19, sauran lambobi biyun kuma ruwan sama ya cinye. Hawaye suka zo mini. Mutumin da ya ceci ɗaruruwa, amma ko shekarar mutuwarsa ba a iya karantawa!

Tsohon gidansa na bakin tashar jiragen ruwa yanzu shagon takalma ne, mai shagon ya yarda mu kafa allon tunawa a bango. Fada Gherasim zai yi addu'a, iyayen yara za su dafa koliba, dafaffiyar alkamar nan ta sadakar mamaci, an gayyato wakilin magajin gari da 'yan jarida. Ki sa mu a addu'a ran ashirin da biyar.

Ƙaninki mai son ki,
Horia

Braila, 26 ga Mayu

Yaya Tudora,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Kafin ki ci gaba, ki nemi kujera ki zauna. Kuma don Allah kada ki karanta wa tsohuwarki wannan.

Komai ya fara da kyau. Yara talatin cikin fararen riguna, kowa riƙe da furanni huɗu ko shida kamar yadda ake kai wa mamaci, tunda uku ko biyar na mai rai ne. Koliba faranti uku, alkamar ta dahu luɓus, an lulluɓe ta da sukari, an zana gicciye da kirfa. Fada ya yi addu'a, aka rarraba a ƙananan kofuna. Na lura da wani tsoho a baya, da sanda da tsohuwar kwat mai maɓallan tagulla. Ya karɓi kofi ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, ya cinye, ya miƙa hannu aka ƙara masa.

Na hau jawabi. Yaya, ban taɓa yin magana mai daɗi haka ba, har Uwargida Postolache tana share ido. Na ce marigayi ya kwaso mutum ɗari uku, tsohon nan ya yi tari. Na ce marigayi mutum ne mai sanyin baki, ya ƙara tari. Da na ce a rayuwarsa bai taɓa kai barasa bakinsa ba, sai ya buga sanda a ƙasa.

"Kai malam, tsaya nan! Ka kashe ni na yi shiru, ka rage mini mutum ɗari da goma sha biyu na yi shiru, amma wannan ƙaryar ba zan ɗauka ba. Wa ya kwana uku a kan kogi da ruwan shayi?"

Shi ne, Yaya. Da ransa, shekara tamanin da shida, ya fi ni ƙarfin murya.

Sai wata uwa ta daka wa yara tsawa cikin raɗa, "Ku zare ɗaya! Ku zare ɗaya, mutumin nan yana da rai!" Nan da nan yara talatin suka shiga fizge fure ɗaya-ɗaya suna cusawa a aljihu. Fada Gherasim ya tsaya da kaskon turare a hannu yana kallona, ya ce, "Malam Horia, shekara talatin ina wannan aiki, yau ne mamaci ya fara neman ƙari."

Ashe da matarsa ta rasu a 1984, ya sa aka sassaƙa dutsen da sunansu biyu, kamar yadda su Kawu Vasile suka yi. Mai sassaƙar ya ce bari ya sa masa 19 tun yanzu don a rage aiki, wa zai kai shekara ta dubu biyu? Ni da na san wannan al'ada tun ina yaro, ɗoki ya rufe mini ido. Shekara ashirin ke nan yana ƙetaren kogi wurin 'yarsa yana kiwon zuma. Masu fito ne suka nuna masa sanarwar taron a jarida, ya ce lallai ya zo ya ji abin da za a faɗa.

'Yan jarida sun ɗauki hotonsa da cokali a baki a ƙarƙashin allon. Wakilin magajin gari ya sulale. Uwargida kuwa kalma biyu ta faɗa mini: "Litinin. Makulli."

Yau da safe mai sayar da burodi ya tambaye ni ko akwai wanda zan binne a makon nan, don ya ɓuya.

Naki cikin kunya,
Horia

Braila, 9 ga Yuni

Yayata Tudora,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki. Na gode da ta'aziyyar, ko da yake na ga inda hawayen dariya suka ɓata tawada.

Ran Litinin na ɗauki makulli na nufi ofishin Uwargida. Ina isa na tarar da motar kaya a ƙofar makaranta, masu fito huɗu suna sauke sitiyarin jirgi na katako da ya kai tsawona, da ƙararrawar tagulla, da akwati cike da littattafan da Kyaftin ya riƙa rubuta tafiyar jirgi a ciki, har da sunan duk wanda ya kwaso a kwana ukun nan. Shi kuma yana zaune a kujerar Uwargida, ita tana tsaye. Na ajiye makullin a kan teburinta.

"'Yata," in ji shi, "tunda makarantarki ta kashe ni a gaban limami da hukuma, to sai a raba gado. Ga kayana na bar wa yaran nan. Ina ɗakinsu?"

Ta ce ai ɗakin na katifu ne yanzu. Ya ce to babu laifi, a bar kayan a ofishinta, shi kuma zai riƙa zuwa kullum ya duba su, ya kaɗa ƙararrawar don kada ta yi tsatsa. Ya kaɗa mata sau ɗaya ta ji. Yaya, har malaman bene na uku sai da suka fito da yara a layi, sun ɗauka gobara ce.

Kafin azahar ta mayar mini da makulli.

Abin da ban zata ba shi ne akwatin. Yara suka yi ta samun sunayen kakanninsu a ciki. Wata yarinya ta ga kakarta, an rubuta: mace ɗaya, 'ya'ya uku, agwagwa biyu, ta ƙi hawa sai da agwagwin. Yanzu iyaye suna zuwa da kansu su duba. Ran Alhamis da ta wuce mutum sittin a ɗakin da ba ya ɗaukar talatin.

Sai dai ƙungiyar ta samu sabon shugaba. Kyaftin yana ƙetaro kogi duk Alhamis, ya zauna a kujerata, ni kuma ya nuna mini bencin baya. Ya ce mutumin da bai iya bambance mai rai da matacce ba, sai ya fara daga aji ɗaya. Duk abin da na koyar shekara bakwai game da tasha da jiragen hatsi yana warware shi ɗaya bayan ɗaya, kuma abin haushin, mafi yawa shi ke da gaskiya. Ran Alhamis ɗin nan na ɗaga hannu sau uku bai kira ni ba, wai akwai waɗanda suka riga ni.

Ban taɓa jin daɗin aji kamar haka ba. In kin zo a watan Agusta zan kai ki ki gaishe shi. Ki gaida tsohuwarki, ki kuma kula da bayan nan.

Ƙaninki na bencin baya,
Horia