Layin Allin Baba Tela

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, ya kare ku daga sharrin baƙunta, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi sosai, har ta koma hawa bene da kanta don shanya kaya. In an hana ta sai ta ce ai likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki, alhali ina wurin, cewa ya yi ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida. Ƙanwarmu ta gama jarrabawa, yanzu barci kawai take ramawa. Rufin kicin da ka bari yana yoyo an gyara shi, sai dai yanzu famfon bayi ne ya karɓi aikin ɗigar.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke waya da shi kowace Lahadi. Dalilin shi ne a waya ina iya yi maka ƙarya, kuma na yi. Wata uku ke nan duk lokacin da ka tambaye ni labarin 'yan taya ɗaya nake ce maka komai na tafiya daidai, sai in yi sauri in miƙa wa Umma wayar. Komai ba ya tafiya daidai, kuma ni ne na ɓata shi da hannuna. Na zaɓi in rubuta ne don in faɗi maganar har ƙarshe ba tare da ka katse ni da wannan dariyar taka mai sa mutum ya ji laifinsa ya ragu ba. Ba na so ya ragu tukuna.

Ka tuna yadda abin ya fara, ranar da kai da Mai Walda kuka yanka tsohon keken Abba kuka fitar da keke mai taya ɗaya, ba hannu ba birki, daga sirdi sai feda. Unguwa ta yi ta yi muku dariya, ni ma na taya su. Amma ka nace kana zuwa jikin dogon bangon tsohon sito kowace Asabar da safe, kana faɗuwa kana tashi, har muka zama mu biyar, muka zama goma sha biyu, muka kai talatin da wani abu. Doka biyu kawai ka kafa mana. Ta farko, duk ƙwarewar mutum ba zai hau don jin daɗin kansa ba sai ya fara ba mai koyo kafaɗa, wato ya yi tafiya a gefensa daga farkon bango zuwa ƙarshe mai koyon yana dafe da shi. Ta biyu, idan mai koyo ya saki kafaɗa ya tafi shi kaɗai, inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa a nan ake ja masa layi da alli a jikin bango, a rubuta laƙabinsa da kwanan wata. Da za ka tafi ka damƙa mini ƙungiyar, ka ce in riƙe waɗannan biyun, sauran duk in yi yadda na ga dama. To sauran na riƙe, waɗannan biyun na saki.

Abin da ya faru shi ne, wasu masu shirya baje kolin wasanni suka ce mu aika musu da bidiyo, in ya burge su za su ba mu fili mu nuna wa jama'a. Kaina ya kumbura nan take. Na fara hango mu cikin riguna iri ɗaya, gwaninmu Dogo yana tsallake matakala da kekensa, ni ina juyi da baya, ana tafi. Da na ɗaga waya na dubi bangon ta cikinta, sai na ga duk ya cika da layukan alli, fari da shuɗi da ja, kamar allon 'yan aji ɗaya. Na ce wannan ƙazanta ba za ta shiga bidiyona ba. Ranar Juma'a da yamma na je da bokitin fenti ni kaɗai, ban shawarci kowa ba, na shafe bangon tun daga kusurwar ƙofa har ƙarshe.

Ga inda maganar ta fi yi mini nauyi. Ka san Baba Tela, wanda ya haura sittin, wanda shekara uku yana koyo bai taɓa kai rabin bango shi kaɗai ba, kuma bai taɓa fashin Asabar ɗaya ba. Shi ya ɗinka wa kowa rigar sirdi, kuma allin da muke zane da shi ma daga shagonsa yake fitowa. A Asabar ɗinka ta ƙarshe ya saki kafaɗarka ya yi tafiyar da bai taɓa yin irinta ba, ka ja masa layi da hannunka, ya dafa layin ya yi maka alkawarin zai wuce shi kafin ka dawo. Ina wurin, har da ni a masu tafi. Da na iso kan layin nan da burushi a hannuna na gane shi sarai, na ga rubutunka mai karkata hagu. Na tsaya jim, zuciyata ta ce in kewaye shi. Sai na ce a raina tabo ɗaya a tsakiyar farin bango zai fi muni, na wuce da burushin a kansa. Ba mantuwa na yi ba, Yaya, ina sane.

Washegari da na iso da masu ɗaukar bidiyo na tarar da Baba Tela ya riga kowa zuwa. Yana zaune a kan bulo, gumi ya jiƙa masa riga, gwiwar wandonsa duk ƙasa, yana kallon bango. Na gaishe shi a gurguje, sannan na roƙe shi ya koma bayan mai ɗauka ya kula mana da jakunkuna, don kada a ga masu faɗuwa a ciki. Ya ce to, babu komai, ya tashi ya koma. Na kuma sanar cewa yau kaɗai an ɗage ba da kafaɗa saboda ƙurewar lokaci. Yau kaɗai ɗin nan ta zama mako biyu na atisaye, ta zama wata guda, daga nan na tsara cewa ƙwararru su fara hawa, masu koyo su jira sai mun gama. Lokacin da muke gamawa rana ta take, kowa ya gaji, ba mai kafaɗar bayarwa.

Bidiyon ya karɓu, mun je baje kolin, an yi mana tafi har kunnena ya yi zafi. Na dawo ina jiran sababbin mutane su yi mana ambaliya. Mutane kam sun zo, amma tsayawa suke daga nesa su ɗauke mu a waya su wuce, ba wanda ya ce a ba shi ya gwada. Tsofaffin masu koyo kuma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malamin lissafi ya ce aiki ya yi masa yawa, Direba ya ce bayansa yana ciwo, mai shagon magani bai ma ce komai ba. Baba Tela ya zo sau biyu ya zauna a kan bulonsa, daga nan ban sake ganinsa ba. Wata Asabar, wata guda da ya wuce, mu bakwai ne, kuma duk bakwai ɗin mun iya, muna ta kewaya juna kamar waɗanda aka ba aikin gadi.

Mai Walda ne ya fasa mini ƙwan. Na je wurinsa ina ƙorafin mutanen yanzu ba su da naci, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni, ya nuna mini kekunan koyo uku da ya haɗa suna rataye suna tsatsa. Ya ce ni a tunanina tsallen Dogo ne yake kawo mutane? Ya ce wanda ya ga Dogo cewa yake wannan ba irina ba ne, amma wanda ya ga dattijo mai furfura ya faɗi ya tashi yana dariya yana kakkaɓe wando, shi ne yake cewa to ni me zai hana ni. Ya lissafo mini mutum tara da ya san a dalilin kallon Baba Tela suka fara, har da shi Dogon da nake taƙama da shi. Ya ƙara da cewa mutum ba ya komawa inda ba a san inda ya tsaya makon jiya ba. Ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Sai da na yi kwana huɗu ina wucewa ta layin shagon Baba Tela kafin na iya shiga. Na same shi a kan keken ɗinki, ƙyallaye zube a ƙasa, dutsen guga a jingine. Kekensa mai taya ɗaya yana rataye a ƙusa, har ya fara rataya tef ɗin awo a jikin fedar. Ya tarbe ni da fara'a, ya share mini benci, ya tambayi Umma, ya tambaye ka. Da ma faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi. Na ba shi haƙuri a kan maganar jakunkuna, ya yi dariya ya ce wannan ai ba komai ba ne, shi ma in zai nuna wa mutum aikinsa ba ya fito da rigar da ya ɓata. Sannan ya ce in ina so in san abin da ya zaunar da shi a gida, zai faɗa mini. A safiyar da muka ɗauki bidiyo ya yi sammako ne don ya gwada shi kaɗai kafin a cika. Ya dafa kusurwar ƙofa ya hau, ya saki, sai ya ji keken ya daina faɗa da shi, yana ta tafiya yana tafiya, bai ko kalli gefe ba don tsoron kada abin ya kuɓuce. Da ya faɗi, kafin ma ya duba gwiwarsa, ya juya don ya ga ko ya wuce layinka, sai ya ga bango fari fat. Ya ce har yau bai sani ba ko ya cika alkawarin ko saura taku biyu, kuma tun daga ranar in ya hau sai ya ji bai san inda ya nufa ba. Ya faɗi wannan yana zura zare a allura, ba tare da ya dube ni ba.

Kunya ta rufe ni, Yaya, na rasa inda zan sa kaina. Da na miƙe zan tafi ya ce in tsaya, ya ciro tef ya aza mini a kafaɗa, ya ce na rame, in riƙa cin abinci. Na ɗauka halin tela ne kawai, hannunsa ba ya ganin mutum bai auna ba. Daga shagon na wuce sito da ƙarfen kankare fenti, na yi ta kankara a inda nake zaton layin yake har tafin hannuna ya yi kanta. Alli ba ya rayuwa a ƙarƙashin fenti, siminti kawai na tarar. Na bincika wayata kaf, hotuna sun fi ɗari biyu, duk ni ne da Dogo a sama, ba ko ɗaya da ya kama bangon. Har na raya a raina in ja wani layin a ɗan baya in ce masa na gano shi kuma ya wuce. Na fasa, don mutumin da ya shekara arba'in yana awo da ido ba za a yi masa wannan ba, kuma ƙaryar da na yi ta isa haka.

Shi ya sa nake roƙonka abu ɗaya. Ka duba tsohuwar wayarka, ko ta Anti, ko akwai hoton ranar nan da ya dafa layin, ko da rabin bangon ne ya fito, in dai za a ga tagar sito a auna daga nan. Shi yana tuna daidai inda ya faɗi, ya ce kusa da tsagewar siminti ne. In ka samu ka turo mini, ko ya nuna ya wuce ko bai wuce ba, haka zan kai masa. In kuma ba ka samu ba, ka faɗa mini gaskiya, zan ɗauki wannan a matsayin abin da na ɓatar wanda ba zai dawo ba. Na riga na bi gidajen masu koyo ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, na ce dokokinka biyu sun dawo. Wasu sun ce za su zo, wasu sun ce za su duba.

Jiya Laraba Mai Walda ya kawo mini ƙunshi daga shagon Baba Tela. Na buɗe na ga ɗan matashi ne na soso da aka ɗinka da ragowar yadi, da maɗauri mai zagaya ƙirji, an yanka shi daidai kafaɗata, ga kuma sabon alli guda a naɗe a ciki. Saƙon da ya haɗo da shi shi ne, wai kai Yaya kafaɗarka tana da tsoka, tawa kuwa ƙashi ne zalla, kada in ji masa ciwo a tafin hannu. Ya ce zai zo jibi Asabar, zai fara daga kusurwar ƙofa kamar wanda bai taɓa hawa ba, kuma ni zan ja layin. Na ɗaura matashin a gaban madubi ya zauna cif. Ashe lokacin da nake tsaye a shagonsa ina neman kalmar ban haƙuri, shi har ya gama auna inda zai dafa.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce musu Baffansu yana ajiye musu ƙaramin keke. Umma tana gaishe ku tana sa muku albarka, ƙanwarmu ma tana gaisuwa, haka Mai Walda da Dogo. Ka yafe mini amanar da na yi wasa da ita, ka kuma sa ni a addu'a. Jibi in Allah ya kai mu, ni zan riga kowa isa jikin bangon.

Naka ƙaninka mai jin kunyarka,
Auta