Kada a Zura wa Baba Roba

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan iyali suna lafiya. Ka ce wa Inna muna nan ƙalau, bayana ma ya fara sabawa da kujerar asibitin da nake kwana a kai.

Likita ya ce ka riga ka ba da izini ta waya a zura wa Baba robar abinci ta hanci, wai ya ƙi ci. Na san kai kotu ta ba wa wakilcinsa tun da hankalinsa ya gushe, ni wankin zanin gado ne rabona. Amma ko tambayata ka yi?

Jiya da safe na sa hannu a farantinsa. Ya turo min ƙwan, ya ce, "Ci, Babba, kar ka makara makaranta." Kai ya kira. Sannan ya cinye sauran tas. Yaushe ka taɓa ganin Baba ya ci abinci shi kaɗai?

Don Allah ka kira likita ka janye izinin kafin gobe. In kana ganin ƙarya nake, nas mai tabarau tana wurin, da mai shara, da tsohon da ke gadon kusa, wanda ya tambaye ni ko Babban nan rasuwa ya yi.

Ƙaninka.