Yatsu Uku

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da su Gwaggo. Yaya ciwon gwiwar? Na sauka lafiya, Yaya tana gaishe ka.

Tun ban kwance jaka ba na isar da saƙonka: ta tattara ta dawo gida, shekara huɗu ta isa haka. Murmushi kawai ta yi, ta ƙara mini abinci.

Baba, abin da ka ji gaskiya ne. Yayar da ta yi shekara shida tana likita a gida, a nan ƙasar waje ko maganin ciwon kai ba ta da ikon rubutawa sai ta ci jarrabawarsu. Sau biyu tana faɗuwa da ƙiris, saura mata dama ɗaya, a wata mai kamawa. Burinta a ɗauke ta koyon aikin ƙoda. Kafin nan, aikinta a sashen wankin ƙoda shi ne ɗora marasa lafiya kan sikeli da goge kujeru. Da na gan ta durƙushe tana cire wa wani takalmi, kunya ta kama ni har wuya. Kada ka damu, ba zan dawo ba sai da ita.

Ɗanka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Yau sai ka yi haƙuri da surutuna.

Nakan raka Yaya wurin aiki in zauna a bencin jira, kusa da sikelin. Injin wankin nan, a idona na bakanike, juyen mai ne kawai: jini ya fita da datti, ya komo tas. Amma na lura da wata ɗabi'arta. Duk wanda ya hau sikeli sai ta ɗora yatsu uku a hannunsa, daidai jijiyar da likitoci suka haɗa don sa allura, ta yi tsit. In jijiyar na da lafiya, rawa take yi a ƙarƙashin fata, kamar ka dafa mota injinta na aiki. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da suke kira Sarkin Gardama, don kullum sai ya ce sikelin ƙarya yake yi masa. Shekaranjiya ya shigo karɓar magani kawai, wankinsa sai bayan kwana biyu. Ta dafa hannunsa kamar yadda ta saba, sai na ga fuskarta ta canza. Rawar ta kusa ɗaukewa. Nas ta ce a bari sai ranar wankinsa. Ina! Yaya ta je ta kafe a ƙofar babban likita da rigarta ta masu goge-goge, minti arba'in, har ya fito. Ya taɓa hannun, ya dube ta, nan take ya sa aka wuce da tsohon ɗakin tiyata. An buɗe jijiyar kafin ta toshe gaba ɗaya.

A hanyar gida na tambaye ta wace makaranta ce ta koya mata wannan. Ta ce kai ne. Ni ina ƙarami lokacin ciwon ƙodar Inna, ban riƙe ba. Ta ce shekara uku cur, kowace safiya kafin ka fita aiki, sai ka ɗora yatsu uku a hannun Inna. Ranar da ka ji rawar ta ɗauke, asibiti uku ka zaga da ita, ba a sami mai iya buɗewa ba. Wannan mutumin da ka nema ka rasa, shi take so ta zama.

Ban taɓa alfahari da wani kamar yadda na yi da ita ba. Maganar dawowa kuwa, bakina ya kasa sake ɗaukarta. In faɗa ne, ni za ka yi wa.

Ɗanka,
Auta

Yaya Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Sarkin Gardama da sikelinsa? Na iso lafiya.

Ranar da kika ci jarrabawa kika sami gurbin koyon aikin ƙoda, kin ce mini in Baba ya nace za ki ajiye komai ki dawo. Na faɗa masa haka, ban rage ba.

Ya ɗauko wasiƙata ta biyu daga aljihu, duk ta yi laushi don karatu. Can sai ya jawo hannuna, ya ɗora yatsunsa uku, ya daɗe a haka. Ya ce in gaya miki kada ki riƙa dannawa da ƙarfi, a hankali ake ɗorawa. Kuma kada ki kuskura ki dawo sai kin iya buɗewa.

Ƙaninki,
Auta