Ni na ɗauke ƙwayoyin Inna daga kan faifai

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda idonsa zai kai kan rubutun nan. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni 'yar fari ce a wurin mahaifiyata. Mu Fulani ne da muka daɗe da zama a wani ƙauye a ƙasar Roni, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da zama 'yar fari ke nufi. Tun da na buɗe ido Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, ƙanwar babanmu, a Kazaure, can na girma, can na yi aure. In na je gida na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango, in kuma za ta yi maganata sai ta ce "waccan ta Kazauren". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, na sani. Amma ni ma mutum ce, na haura shekara arba'in ina jiran ranar da zan yi mata wani abu da hannuna, ta san ni ce na yi.

Bara babanmu ya yanke jiki ya faɗi a kara, wajen cinikin shanu, wani mai babur ne ya kawo labarin rasuwarsa har ƙofar gida. Tun daga ranar Inna ba ta sake zama daidai ba. Babur ya tsaya a waje sai ta zabura, ta dafe ƙirji, ta ce a leƙa a ga wa ya mutu. Ƙanena Sule, wanda take zaune a gidansa, in ya tafi gona bai dawo da wuri ba sai ta kasa cin abinci, tana ta salati. Barci ya ƙaurace mata. Ga shi dama tana da hawan jini da ciwon suga, tana kan ƙwayoyin asibiti da aka ce kada ta kuskura ta tsallake. Sule ya mayar da ita wurin likita, aka ce ta rage tunani. Ta yaya tsohuwar da ta rasa abokin zamanta na shekara da shekaru za ta rage tunani? Da wane hannu ake rage shi?

Wata maƙwabciyata a Kazaure ce ta ba ni labarin wani mai maganin gargajiya da ke baje koli ranar kasuwa, ta ce jiƙonsa ne ya raba surukarta da faɗuwar gaba. Na je na same shi. Ya ƙulla min saiwoyi da sassaƙe, ya ce a jiƙa a riƙa ba ta da safe. Na ce masa, "Malam, tana fa da hawan jini da suga, tana shan na asibiti." Ya ce, "Hajiya, wannan ba ya haɗa hanya da ƙwaya. In ya tarar da ita a ciki faɗa za su yi. A ajiye ƙwayar har ya gama aikinsa, hawan jinin ma shi zai wanke shi." Kuma wallahi ban ji wani baƙon abu a maganarsa ba, don haka muka taso muna ji a bakin manya, ba a haɗa na gida da na asibiti.

Na nemi izinin maigidana na tafi ƙauye da sunan taya jinya. Na san in na faɗa wa Sule zai watsar da saiwoyin nan a bola, shi bai yarda da komai ba sai abin da likita ya rubuta. Matarsa Hauwa ce ke ba Inna magani. Sule ya ɗora mata wannan aikin, ya kuma ja mata kunne cewa ta tsaya a kanta har sai ta ga ta haɗiye. To amma Hauwa na da goyo, ga tuwo, ga awaki, ga ɗiban ruwa. Sai ta ɓare ƙwayoyin ta ɗora a kan faifan da ta rufe kunu da shi, ta ce, "Inna ga shi nan, a sha da ɗumi," ta fice. Tana ficewa nake shiga. In kwashe ƙwayoyin in zuba a wani tsohon gwangwanin man shafawa, in tura shi ƙarƙashin katifa, in ajiye kofin jiƙo a gurbinsu. Niyyata in jiƙon ya ƙare a ci gaba da su, shi ya sa ban zubar ba.

Inna tana kallo. Ranar farko ta bi hannuna da ido har ƙarƙashin katifar, sannan ta dubi kofin. Na ce, kaina a ƙasa, "Na faɗuwar gaba ne, ba a haɗa shi da waɗancan." Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauka ta shanye. Da Sule ne ko wata cikin ƙannena mata, da ta tambaya, da ta yi musu, don Inna ba ta da sanyin baki a kansu. Amma ni? Za ta buɗe baki ta yi jayayya da 'yar fari? Ni kuma, jakar da ni, sai na ɗauki shirun nan a matsayin yarda, har daɗi nake ji.

Kuma maganin ya yi kamar yana aiki, abin da ya ƙara rufe min ido ke nan. Ta fara barci, har da rana. Babur ya wuce ba ta zabura. Mutanen gida suka ce zuwana ya yi albarka, ni kuwa ina ta fasa kai a ɓoye. Na ga tana yawan dafe ƙeya, na ga tana yawan fita bayan gida, na ji ta ce wa Hauwa idonta na yin hazo. Ni ba ta faɗa min ba, ni kuma ban tambaya ba. Na ce wa raina ai maganin ne ke fitar da cuta.

Wata safiya tana alwala buta ta suɓuce daga hannunta. Kafin mu kai kanta bakinta ya karkace. Muka ɗauki shatar mota zuwa asibiti a Kazaure, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya tambayi Sule ko tana shan maganinta. Ya ce kullum. Likitan ya girgiza kai ya ce abin da ya auna bai yi kama da na mai shan magani ba. Ina tsaye a wurin, jama'a. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, na haɗiye ta.

Da aka sallamo mu, Goggo ta zo gyara ɗakin Inna, ta ɗaga katifa, sai ga gwangwani cike da ƙwayoyi. Nan take kowa ya haɗa labarinsa: Hauwa na ajiyewa ta tafi, tsohuwa kuma na ɓoyewa. Sule ya yi kan Hauwa kamar zai cinye ta. "Ban ce ki tsaya ba? Uwata ce ba ki da lokacinta?" Sai Goggo ta juyo gare ni ta ce, "Ke da kike gidan, ba ki taɓa lura ba?" Na ce, "Goggo, kin san ni da Inna, ba ma zama ɗaki ɗaya." Kowa ya gyaɗa kai, don gaskiya ce da suka sani tun ina yarinya. Ragowar saiwoyin kuwa tun ranar da muka dawo na cusa su a murhu.

Yanzu Inna na kwance, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana ba ta fita sai wani sauti. Ita kaɗai ta san abin da ya faru. In Sule ya ɗaga murya a tsakar gida yana yi wa Hauwa gori, sai ta yi ta ƙoƙarin cewa wani abu, yawu na zuba, hawaye na bin kuncinta, su kuma su ce ciwo ne ke cin ta. Ni na san ba ciwo ba ne. Ko so take ta wanke Hauwa? Ko so take ta hana a tono, don ta rufa min asiri? Ban sani ba, kuma mai yiwuwa ba zan taɓa sani ba. Faɗuwar gaban da na je korewa ta dawo fiye da da, ga shi yanzu ko zabura ba ta iya yi.

Hauwa ce ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu a cokali, duk da haka Sule ya daina cin tuwonta. Matan ƙauye in sun zo dubiya ba sa amsa gaisuwarta da kyau. Shekaranjiya Sule ya aika wa mahaifinta a Gwiwa cewa ya zo ranar Juma'a ya tafi da 'yarsa. Na san Sule, in ya furta ba ya janyewa. In kuma na faɗi gaskiya, na san ba zai sake barina in taka gidan ba, ba zan ga Inna ba har ta koma ga Allah, kuma maganar za ta riga ni isa gidan mijina. Ina tsoro, ban ɓoye muku ba.

Jiya da la'asar ina wanke zannuwan Inna a bayan ɗaki, Hauwa ta zo da goyonta ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Yaya, na san ni na jawo, da na tsaya da ba a kai ga haka ba. Ki yafe min abin da na yi wa mahaifiyarki. Ke ce babba, yana jin maganarki. Ki roƙar min shi ya bar ni, ko don in ci gaba da jinyarta." Ta kama ƙafata tana kuka. Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Tashi, Hauwa, na yafe miki."

Yau Laraba. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?