Minti Bakwai na Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya ƙalau, Baba yana gaishe ku.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka tsayawa. Kullum ko kana shiga taro ko kana fitowa daga taro.

Ranar Lahadin ƙarshen wata cocinmu zai cika shekara hamsin. An buga ɗan littafin tarihi, na karanta shi daga bango zuwa bango. Fastoci tara suna ciki da hotunansu, har wanda ya yi wata takwas ya gudu. Wanda ya sayo fankoki ma yana ciki. Amma Baba, da ya haƙa harsashin ginin nan da hannunsa, ya shekara uku yana ɗora bulo a kan bulo bayan ya taso daga aikin mutane, ko a gefen shafi babu sunansa. Da na tambayi Shugaban dattawa, sai ya ce wai ai magini aikinsa ya yi. Wallahi Yaya, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sau huɗu ina zarya ofishinsu. Sai da shugabar zumuntar mata ta sa baki suka yarda su ba ni minti bakwai, tsakanin waƙa da wa'azi, in nuna hotunan aikin Baba a majigi.

To, hotunan nan goma sha biyu suna hannunka. Ka kwashe su daga akwatin marigayiya Mama zuwanka na ƙarshe, shekara huɗu ke nan, ka ce za ka gyara su ka dawo da su. Don Allah ka jera su a kwamfuta, ka sa ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Injiniya, telan nan da ke kula da majigin coci, ya ce in ja maka kunne a kan abu biyu. Kwamfutar coci tsohuwa ce, saboda haka ka ajiye fayil ɗin a tsohon tsari, kuma hotunan su zauna a cikinsa daram. Ka turo kafin Laraba mu gwada ranar Alhamis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da za ka kawo su da ƙafarka, da ya fi komai yi wa Baba daɗi.

Ka gaishe min da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yau Juma'a, shiru kake ji. Jiya ni da Injiniya mun zauna a coci awa biyu muna kallon farin bango. Na ga saƙonka cewa kada in damu, kai ka san aikinka, kuma ba za ka samu zuwa ba. Na biyun ban faɗa wa Baba ba tukuna. Ya sa an wanke masa farar rigarsa, tun shekaranjiya take rataye a ƙofar ɗaki.

Allah ya sa mu ji alheri.

Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka kira ni sau uku ban ɗauka ba. Ba lalacewa wayar ta yi ba, tsoron bakina nake ji.

Kana so ka ji yadda taro ya kasance. To, ga shi.

Fayil ɗinka ya shigo ranar Lahadi da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina ɗaure ɗankwali. Na buɗe shi a kwamfutar da na aro wurin shugabar makarantarmu, na haɗa ta da intanet ɗin wayata. Gaskiya ka iya aiki. Hotuna suna juyawa, rubutu yana saukowa kamar ruwa, har da kiɗa. Na ce a raina na zalunci Yaya da zargi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Muna isa coci na miƙa wa Injiniya kwamfutar. Ya ɗauko wayar majigi, mai faɗin kai da ƙusoshi biyu, ya juya kwamfutar hagu, ya juya ta dama, babu ramin da zai karɓe ta. Sai muka zuba fayil ɗin a filashi muka kai wa tsohuwar kwamfutar coci. Ta yi ta nishi, can ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Ka tuna abu na farko da aka roƙe ka? Shi ne wannan.

An riga an fara sujada. Ni da Injiniya muna durƙushe bayan bencin ƙarshe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan madannai. Da ƙyar muka koma kan kwamfutar aro muka sake ajiye fayil ɗin a tsohon tsari, daidai lokacin da mawaƙa suke baitin ƙarshe. Aka kira ni. Na ratsa tsakiyar mutum ɗari huɗu na karɓi makirfo.

Cikin sauri Injiniya ya danna abin da ba shi ba. Sai ga samfurin ɗinkunan mata a bangon coci, manya-manya, har da awon ƙugun wata baiwar Allah. Dariya ta tashi har daga bencin dattawa. Minti ɗaya ya tafi a nan.

Da naka ya buɗe, taken ya fito da kyau, sunan Baba da manyan baƙaƙe. Zuciyata ta ɗan kwanta. Aka danna na gaba, sai farin akwati, da ɗan jan kuros a kusurwarsa, a ƙasa an rubuta ranar haƙa harsashi. Aka danna, wani akwatin. Aka sake dannawa, wani. Goma sha biyu cif, Yaya, babu ko hoto ɗaya. Daga baya Injiniya ya fahimtar da ni cewa hotunan suna can ma'ajiyarka ta intanet, fayil ɗin hanya kawai yake nunawa, ita kuwa kwamfutar coci tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin intanet ba. Abu na biyu ke nan da aka roƙe ka. Ko a wayata ban iya buɗe su ba, don bangon da Baba ya gina ya cika kauri, sabis ba ya shiga.

Shugaban dattawa ya ɗaga hannu yana nuna min agogo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har na juya zan ajiye makirfo, sai idona ya faɗa kan Baba a bencin gaba, cikin farar rigarsa, ya ɗaga kai yana fuskantar bango yana murmushi.

Yanzu zan gaya maka abin da Baba ya hana ni faɗa maka. Idon Baba ya tafi tun bara. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya ce kada in ɗaga maka hankali, kana da aiki da yawa. Da ka zo ko sau ɗaya, da ba sai an gaya maka ba.

Sai na share fuska na fara bayani, kamar hotunan suna nan. Na nuna farin akwati na ce ga Baba a cikin rami har ƙugu, da diga a kafaɗa. Na nuna na gaba na ce ga Mama tana miƙa masa bokitin ruwa da ni a bayanta. Na ce ga shi a kan tsani ranar da aka ɗora tagar farko, ga yatsansa da bulo ya fasa a naɗe da tsumma. Na san su duka a ka, ni da na girma ina goge musu ƙura. Baba yana ta gyaɗa kai, har yana gyara min shekara.

Dariya ta ɗauke. Mutane suka dubi bango, suka dubi Baba, suka gane. Wata tsohuwa a bencin mata ta fara cewa kai, ji kyan hoto, sauran suka kama mata. Ikilisiya guda ta taru tana yabon farin bango saboda tsoho ɗaya. An tafa masa a tsaye. Ni ban ji daɗin tafin ba, na tausayi ne, kuma ba tausayi na yi zarya sau huɗu in nemo masa ba. So na yi su ga aikinsa da idonsu, Shugaban dattawa ya ji kunya. Maimakon haka, a bakin ƙofa ya dafa kafaɗata ya ce in ƙara shiri nan gaba. Wane nan gaba? Baba yana da tamanin da uku.

Tun ranar duk wanda ya shigo gida, Baba sai ya ba shi labarin yadda ɗansa ya zauna can nesa ya sa hotunansa suka cika bangon coci. Ya ce gara da ba ka zo ba, da wa zai yi wannan aiki? Har yau babu wanda ya tona, kuma ni ce nake tare kowane baƙo a ƙofa ina roƙonsa.

Ya ce lallai in rubuta maka cewa ka fitar da shi kunya, Allah ya yi maka albarka. To, na rubuta. In ka kira shi, kada ka kuskura ka ba shi haƙuri don ka ji sanyi a ranka. Ka karɓi godiyar, ka ce amin, ka zauna da ita.

Ka gaishe da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta