Layin da ba a gani a wayar mijina, an ɗora wa wani laifinsa

Assalamu alaikum admin, a ɓoye sunana. Jama'ar wannan zaure don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan na rasa yadda zan yi.

Ni matar aure ce a Maigatari, 'ya'yana uku, gidan gandu muke zaune, kowa da sashensa. Wata uku da suka wuce Allah ya yi wa yayan mijina rasuwa, ya bar facalata, Yaya Habi, da marayu biyar. Baiwar Allah ce, ita ta riƙe ni lokacin da aka kawo ni gidan ban san kowa ba, duk haihuwata ita ta yi min wankan jego. Yanzu haka tana cikin takaba, ko ƙofar zaure ba ta leƙawa.

Bayan sadakar arba'in saƙonni suka fara shigowa wayarta daga wata lambar Nijar. Ita ba ta yi boko ba, ni nake karanta mata saƙo, to ranar farko na fara karantawa da ƙarfi ina zaton ta'aziyya ce, sai na tsaya a tsakiya. Maganganun batsa ne, irin waɗanda ba zan iya rubuta muku ba, har da siffanta jikinta, har da cewa ai yanzu ɗakinta ya yi mata faɗi. Ga mace da carbi a hannu, hawayen mijinta bai bushe ba. Ta ce, "Maman Khalifa ƙarasa mana, wa ya rasu kuma?" Dole na gaya mata. In an kira lambar ba a ɗauka, amma gobe sai wani saƙon ya shigo. Har ya taɓa faɗin kalar hijabin da ta sa ranar, shi ya sa aka gane mai shiga gidan ne. Lambar kuwa na haddace ta tsaf saboda yawan gani.

Da maganar ta kai kunnen Baffa, ƙanin mahaifin su mijina, ya tara duk mazan da ke shiga gidan a zaure, ya ce kowa ya ajiye wayarsa a tabarma. Aka aiko na ba da allura, aka riƙa zaro ma'ajin sim ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Mijina shi ya fara miƙa tasa, yana cewa duk wanda aka kama a ɗaure shi. Sim ɗaya aka gani a ciki, na Najeriya, aka mayar masa. Mutum ɗaya aka samu da layin Nijar, zan kira shi Malam Isufu, abokin kasuwancin marigayi, dattijo ne daga Damagaram da ke kawo raguna duk ranar kasuwa. Tun rasuwar bai taɓa zuwa hannu sake ba, ko dabino ko cuku sai ya kawo wa marayun nan, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Lambarsa ba ita ba ce, amma aka ce ai ya jefar da wancan sim ɗin ne. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, aka ƙi. An ce da zai fita takalminsa ma a hannu ya riƙe, yana hawaye. Daga ranar saƙo ya tsaya, kowa ya ce to ga shi nan.

Ranar Asabar da hantsi katina ya ƙare, na ari wayar maigidan zan kira Innarmu a Gagarawa, yana banɗaki. Na danna kira sai wayar ta tambaye ni da wane layi, na ɗaya ko wani da aka sa wa suna Kasuwa. A ƙarƙashinsa ga lambar nan da na haddace. Na karanta sau uku. Na ɗauko allura na zaro ma'ajin da hannuna, sim ɗaya ne. Na kira ƙanwata da ke koyarwa a Gumel, ban gaya mata dalili ba, na ce wai waya tana iya ɗaukar layi ba sim a ciki? Ta yi dariya ta ce Yaya kin zama ta da, ai shi ake kira eSIM, wani ɗan zane ake haska wa kyamara layin ya shige cikin wayar, ko farfasa ta aka yi ba a ga komai ba, kuma mutum yana kashe shi ya kunna lokacin da ya so. Su Baffa da allurarsu ina za su san wannan.

Da na tare shi, da farko ya ce sabis ɗin Nijar ne ke shigowa wayoyin mutanen bakin iyaka. Na karanto masa lambar da ka. Sai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Da ya ga ban bar kuka ba sai ya juya, wai gwada ta yake yi, ya ga ko kamila ce da za a bar wa tarbiyyar 'ya'yan ɗan'uwansa. Wannan maganar ta fi saƙonnin ƙona min rai. Na ce to Malam Isufu fa? Ya ce ai baƙo ne, in ya koma garinsu magana ta mutu. A gabana ya goge layin, minti ɗaya bai kai ba, ya ce yanzu sai in nuna wa duniya shaida. Ya ƙara da cewa ranar da maganar ta fita daga bakina in haɗa kayana, kuma yara ba inda za su.

Shekara goma sha ɗaya ina wanke wa mutumin nan kaya, ina bin sa sallah in ya yi nafila a gida. Yanzu ko kofin da ya sha ruwa na gani sai in ji ƙyama. Jiya ya shigo da lemo da ayaba ya ce in kai wa Yaya Habi, na kai, ta karɓa tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya bar mata Baban Khalifa, shi ne uban marayu yanzu. Na juya na koma sashena.

Abin da ya sa na kasa haƙuri, Baffa ya ce ranar Alhamis in Malam Isufu ya shigo kara, wato kasuwar dabbobi, da ragunansa za su je wurin sarkin kasuwa a faɗi abin da ya yi a gaban dillalai, a hana kowa hulɗa da shi. Mijina yana cikin masu rakiya. Na san an ce mace ta rufa wa mijinta asiri, ni ma ba na son 'ya'yana su tashi ana nuna su da abin da ubansu ya yi. Amma ina jin tsoron tsayuwa gaban Allah da haƙƙin dattijon nan a wuyana, don ni kaɗai na gani.

Malamai da iyaye na cikin zauren nan, ya zan yi? In je wurin Baffa ba shaida, ya ce ƙazafi na yi wa mijina? In gaya wa Yaya Habi, in ƙara mata wani ciwon a cikin takaba? Ko akwai hanyar da masana waya za su gano layin da aka goge? Yau Talata, jibi ne kasuwar.